Benci Ba Ya Gina Yaro

Ban taɓa buga wa wata babbar ƙungiya ƙwallo ba. An dai nemi wanda zai riƙa tsayawa da yara idan sun fito atisaye da yamma, ɗana na cikinsu, sai na ce a ba ni usur ɗin. Yara ne daga shekara takwas zuwa sha biyu, kuma tun daga ranar suka laƙaba mini Koci.

Kusan duk uban da ya kawo ɗansa magana ɗaya yake yi: yaron nan ba ya motsi, kullum yana maƙale da waya. Ba su yi ƙarya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana buƙatar aƙalla minti 60 a kullum na motsa jikin da zai sa numfashinsa ya ɗaga. Wani binciken da masanan hukumar suka fitar a 2019 ya nuna kashi 81 cikin ɗari na 'yan shekara 11 zuwa 17 a duniya ba sa samun hakan, kuma abin ya fi muni a wajen 'yan mata, inda ya kai kashi 85.

Sai dai rubuta sunan yaro a ƙungiya ba shi ne samun minti sittin ɗin ba. Ka zuba yara ashirin da biyu a babban fili ka koma gefe ka kalla. Huɗu ko biyar masu ƙarfi ne za su mallake ƙwallon. Sauran suna tsaye hannu a ƙugu, wani ma ya tsuguna yana wasa da ƙasa. Shi ya sa nake yanka filin gida uku, a buga huɗu-huɗu ko biyar-biyar da ƙananan raga. A irin wannan wasa ba inda yaro zai ɓuya, dole ƙwallo ta zo ƙafarsa, dole ya yanke shawarar inda zai tura ta. Hukumar ƙwallon Ingila ta daɗe a kan wannan tsari: ƙanana su buga biyar-biyar, su koma bakwai-bakwai, sannan tara-tara, kafin a kai su ga sha ɗaya.

Rabon ƙungiya kuwa ni nake yi da kaina. Idan ka bar kyaftin biyu suna zaɓa, akwai yaron da kullum shi ne na ƙarshe, yana tsaye kansa a sunkuye ana gardamar wa zai ɗauke shi. Wannan yaron ba zai yi ƙorafi ba. Ɗauke ƙafa kawai zai yi, a gida ya ce ciki ke masa ciwo. Haka ma tsaron raga. In ba ka sa ido ba, mai ƙiba ko mara gudu ake turawa gola har abada. A wajena kowa sai ya tsaya a raga, har wanda ya fi kowa cin ƙwallo, don ya ɗanɗana yadda ake ji idan an zura maka, abokanka duk suka juyo suna hararar ka.

Akwai wani yaro da aka kawo mini wanda ko gaisuwa sai ka matso kusa kafin ka ji. Mahaifiyarsa ta ce a makaranta ma haka yake. Ban zaunar da shi na yi masa wa'azin ƙarfin hali ba. Baya na ajiye shi, na ce masa: "Kai kaɗai kake ganin filin gaba ɗaya daga nan. In ka ga an biyo abokinka, ka ɗaga murya ka ce bayanka." Da farko sai dai leɓensa ya motsa. Ranar da ya yi shiru aka ƙwace ƙwallo aka ci su, abokan wasansa ne suka ce masa don Allah ya riƙa magana, suna buƙata. Wannan kalma ta buƙata ita ta yi aikin da ni babba ba zan iya ba. Ba zan ce ya zama sarkin surutu ba, amma yanzu daga wancan ƙarshen fili nake jin muryarsa.

Abin da ya fi ba ni wuya ba yaran ba ne, manyan da ke bakin fili ne. Uba ya tsaya yana ihu, "Buga mana! Me kake jira?" Yaron ya rasa wa zai saurara, ƙafa ta ɗau rawa. Na taɓa jan wani gefe na ce, "Yallaɓai, ka bar mini gyaran, kai ka riƙe tafin." Bai ji daɗi ba, amma ya rage. Ina kuma roƙon iyaye su sauya tambayar da suke tarar yaro da ita. Maimakon "kun ci?", su ce "ka ji daɗin wasan?" Norwe, ƙasar da ba ta da yawan jama'a amma take kwasar lambobi a wasanni, tun 1987 take da dokokin haƙƙin yara a fagen wasa. Ba a jera sakamako ko teburin gasa kafin yaro ya kai shekara 11, ba ya kuma shiga gasar ƙasa kafin 13.

Ba kowane yaro ne zai so ƙwallo ba, kuma ba dole. Na ga waɗanda suka bar ni suka samu kansu a ƙungiyar wasan kwaikwayo, ko muhawara, ko sikawut. Abin da ke aiki iri ɗaya ne: lokaci tsayayye, babba mai kula, da tsara waɗanda za su lura in ba ka zo ba. Ƙasar Aisilan ta gina tsarinta na kare matasa a kan irin wannan, tare da jawo iyaye ciki, kuma yawan 'yan shekara 15 zuwa 16 da ke buguwa da giya ya sauka daga kashi 42 a 1998 zuwa kashi 5 a 2016.

Inda har yanzu ake kai ruwa rana da ni shi ne ranar babban wasa. Kowa yana son a ci, ni ma ina so. Amma kafin a busa usur na riga na rubuta wanda zai fita da wanda zai shiga, da mintin da za a yi canjin, na nuna wa yaran. Ko ana cin mu ɗaya da nema, ba na soke takardar. Mun rasa wasanni ta wannan hanya, wasu iyayen ma sun kwashe 'ya'yansu zuwa inda ake ajiye marasa ƙarfi a benci.