Shekara guda ina rubuta wutar solar gidanmu

Yau shekara guda ke nan ina rubuta abin da farantan solar gidanmu suke bayarwa kullum. Da na ɗauka watan Afrilu, lokacin da rana ke ƙwallewa a Kano, shi ne kakarmu. Ashe ba haka ba ne.

Wat ɗin (ma'aunin ƙarfin wuta) da ke rubuce a bayan faranti, a zafin digiri 25 aka auna shi. A saman kwano kuwa farantin yakan haura 60, kuma kowane digiri na ƙari yana cinye kusan kashi 0.4 cikin ɗari. Wajen kashi 14 ke nan sun tafi, ga rana tsaka. Sai da muka ɗaga farantan, iska na ratsawa ta ƙasa, na ga sauƙi.

Hunturu da sanyinsa ya so taimaka mana, hazo da ƙura suka hana. Wankin farantan da asuba ya zama dole.

Global Solar Atlas, shafin taswirar hasken rana na Bankin Duniya, yana ba da ƙiyasin wutar da solar za ta bayar a gari, amma bai san ƙurar rufinka ba. 'Yan uwa na Jos, Sakkwato da Maraɗi, don Allah ku turo naku: wutar yini, ƙarfin farantai, da wata. Na Jos na fi ƙagara in gani, saboda sanyinku.