Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Tafarnuwar da Yaya ya kawo

A makon jiya na tsaya a inda Yaya ya dawo Marwa daga karatu a Faransa. Cikin tsarabarsa akwai abin da babu wanda ya kula da shi sai Baba: ɗaurin tafarnuwa, dunƙule goma sha biyu. Yaya ya ce ta garin Lotrek ce, can wajen Tuluz, kuma mutanen garin suna ji da ita kamar yadda mutanen Galmi ke ji da albasarsu.

Baba ya jima yana juya ta a hannu. Shekara talatin yana lambu a bakin Mayo Tsanaga. Albasa ce sana'arsa, tafarnuwa kuwa fangali biyu yake yi saboda tukunyar Inna. Wadda muka saba da ita ƙwayoyinta ƙanana ne birjik, ɓare ta sai mai haƙuri. Wannan da ya fasa ta, sai ga kara mai tauri a tsakiya kamar tsinken tsire, manyan ƙwayoyi masu ɓawo ruwan hoda sun kewaye shi.

"Ke Hajiya," ya ce wa Inna, "ɗauki biyu ki gwada mana. Sauran iri ne, kada a taɓa."

Daren nan Inna ta daka ta da citta da attarugu, ta shafe kifin da aka kawo daga Maga, ta gasa. Har yau ina jin ƙamshin nan. Ɗanyarta tana da yaji a harshe, amma da ta sha wuta sai ta yi laushi, har da ɗan zaƙi-zaƙi. Ƙwaya uku suka yi aikin da Inna kan yi da dunƙule guda.

A watan Nuwamba muka shuka. Ni nake soka ƙwayoyin, tsini sama, taƙi guda tsakanin kowace biyu, Baba na biye da ni yana rufewa. Ganye ya fito shar, ya fi na gida faɗi, maƙwabtan lambu suna tsayawa kallo. Zafin Maris na shigowa ganyen ya fara ƙonewa. Da muka tona, ko ɗaya ba ta rabu ba. Kowace ta zama ɗan ƙwallo guda, kamar ƙaramar albasa.

Baba bai ce uffan ba. Ya tattara su cikin hularsa muka koma gida. Ban taɓa ganin amfanin gona ya taɓa shi haka ba, ko shekarar da albasa ta ruɓe masa a rumfa.

Yaya ne ya bincika ya gano dalili. Irin nan mai kara sai ya sha sanyi na gaske na makonni kafin ya rabu. A Lotrek cikin Disamba da Janairu ake shuka ta, ta kwana cikin sanyin ƙasar Turai, sai ƙarshen Yuni a cire, lokacin da yini ya yi tsawo. Hunturunmu da ke sa mu kwana da bargo bai kai mata ko'ina ba.

Baba ya ce to, a nemo mata sanyin. Ƙwallayen nan ya rataye su a inuwa duk damina, wasu suka bushe, wasu suka tsira. Cikin Oktoba na kai su gidan Gwaggo mai sayar da zoɓo, aka naɗe su a takarda, ba leda ba don kada su yi gumi, suka yi mako shida a ƙasan firij. Gwaggo ta yi ta mita wai sun cika mata wuri da wari, amma ba ta fitar da su ba.

Wannan karon fangalin da ke ƙarƙashin mangwaro ya zaɓa, ya lulluɓe ƙasar da tattaka don ta riƙe sanyi. Wata safiya a ƙarshen Fabrairu na ji yana ƙwala mini kira: "Auta! Zo ka gani!" Daga tsakiyar wasu ganyen wani koren kara ya fito yana lanƙwasa. Guda bakwai muka ƙirga. Yaya ya ce a karye su, in ba haka ba za su shanye ƙarfin dunƙulen. Inna ta yanka su kamar lawashi, ta soya da man shanu da ƙwai, Baba ya ci ya nemi ƙari.

Dunƙulen sun yi ƙanana, babu wanda zai kai su kasuwa, amma sun rabu, da karansu a tsakiya. Baba ya ɗaure su da igiyar kaba ya rataye a ƙofar ɗakinsa. Shi ne noman rani na ƙarshe da ya je lambu da ƙafarsa. Yadda ciwon ya faro, da tafiyarmu asibiti a Garwa, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.