Dinarin da na riƙe a Zariya

Jiya da daddare na dawo daga Zariya, har yanzu abin bai bar raina ba. Daga Unguwa Uku zuwa Kwangila ba wani labari, in ban da wani jami'i a shingen hanya da ya zazzage mini jaka yana daka tsawa kamar ya kama ɓarawo. Mai adaidaita kuwa har cikin birni ya kai ni, ta Ƙofar Doka, a kuɗin da a Kano ko kallonka ba za a yi ba.

Abokin marigayi mahaifina na je gaisarwa, tsohon malamin makaranta mai tara tsofaffin kuɗi. Sai da na ci tuwon masara da miyar taushe ya yarda ya ɗauko gwangwanin. Wuri, anini, kwabo mai huda, azurfar Mariya Teresa mai ɗauke da 1780, duk ya baje su a kan buzu. Can ya kwance wani ƙyalle ya ɗora mini dinari a tafin hannu. Siriri ne, gefensa ya cinye, an huda shi daga sama, alamar wata ta taɓa rataya shi a wuya. Na Murabiɗun ne, wata tsohuwar daular Musulunci, bugun garin Sijilmasa a Maroko, da zinariyar da ayari ke haurawa da ita daga yankinmu na Afirka ta Yamma.

Na ce, "Baba, guda ɗaya tak?"

Ya ce, "Ɗana, zinariya ba ta tsatsa, wuta ce ajalinta."

Sabon sarki ya hau, a narkar da na tsohon a buga sunansa. Maƙeri ya samu, ya mayar da shi ɗan kunne. Nauyi ake saye, giram huɗu da kwata tun ma'aunin Halifa Abdulmalik bin Marwan a shekara ta 77 bayan Hijira, ba wanda ke biyan kuɗin rubutun. Shi ya sa tsofaffin dinarai suka yi ƙaranci, har wani dinarin Banu Umayya na shekara ta 105 ya kai fam miliyan 3.7 a gwanjon Landan a 2011. Nan take na tuna sisin gwal ɗin sadakin mahaifiyata da muka kai kasuwa aka ɗora a sikeli, ba wanda ya duba shekarar da ke jikinsa. Raina ya sosu matuƙa.

Kuɗin mota ma shi ya cusa mini a aljihu, na yi na yi ya ƙi karɓa. Samaru ban samu leƙawa ba. Rake na saya wa yara a hanya, muka shigo Kano bayan isha'i.