Na Leƙa Makerar Edison a New Jersey

Shekaranjiya na dawo daga Amurka, har yanzu West Orange, garin da maƙerar Edison take, ba ta fita daga raina ba. Mai masaukina Bahaushen Kumasi ne da ke tuƙin tasi a Bronx, cikin birnin New York. Ya ajiye aikin yini guda ya kai ni, da na zaro kuɗin mai sai ya ɓata fuska: "Haba Malam, baƙo ne kai fa." Ruwan gora ɗaya da na saya a hanya kuwa, kuɗinsa zai ci tuwo da nama a Kaduna har a yi guzuri.

Thomas Edison ya buɗe wannan ɗakin bincike a 1887. Ban ga wani ƙyale-ƙyale ba. Ginin jan bulo ne cike da injinan yankan ƙarfe masu bel, kai ka ce Panteka ce aka share aka yi mata rufi. A ɗakin karatunsa ga ɗan gadon da yake kishingiɗa. A sito har da fatar giwa, don kada a nemi abin gwaji a rasa.

Takardun mallakar ƙirƙira 1,093 aka ba shi a Amurka. Nan na daɗe a tsaye ina kallon teburan ma'aikata a jere. Suna ɗaya ke kan takarda, hannuwa kuwa ba iyaka. Na'urar hoto mai motsi, yawancin aikinta wani ma'aikacinsa, William Dickson, ya yi. Ƙwan lantarki ma, da Edison ya samu takardarsa a 1880, Joseph Swan na Ingila yana kan nasa tun tuni, har sai da suka haɗa kamfani a 1883. Ban raina Edison ba, mutum ne mai naci. Amma na tuna maƙerin unguwarmu da ya gyara injin markaɗe ya daina cin mai, wata bai cika ba kowa ya kwaikwaya, ko na goro bai samu ba. Ba shi da lauya, ba shi da takarda. Abin ya yi min ciwo.

Wani mai gadi ya daka min tsawa don na jingina da igiyar shinge, kamar yana korar akuya. Da baki mai daɗi ma zan matsa.

Washegari muka je unguwar Flushing a New York, gidan Lewis Latimer, baƙar fatan da ya zana wa Alexander Graham Bell takardun wayar tarho a 1876, daga baya ya yi aiki da kamfanin Edison. Ɗan ƙaramin gida ne na katako. Daga nan sai filin jirgi, ana yayyafi.