Wata Biyar a Kan Babur Marar Kujera

'Yan uwa masu koyo, ga inda na tsaya. Ranar Lahadin da ta wuce na shiga gasar kulob karo na biyu tun da na fara tirayal, wasan bin duwatsu da wurare masu wuya a kan babur ba tare da sa ƙafa a ƙasa ba. Sashe 10 ne, wato gajerun wurare masu wuya da aka shata, zagaye 4, na tashi da maki 74. Wanda bai san wasan ba zai ce madalla, to a nan yawan maki shi ne abin kunya. Ka sa ƙafa a ƙasa sau ɗaya maki 1, sau biyu 2, daga uku zuwa sama 3. In kuwa ka faɗi, ko ka fita daga layi, ko injin ya mutu maka ƙafarka na ƙasa, 5 ke nan, sai ka ja abinka ka ba na baya wuri. Dattijon da ya ci rukuninmu ya haura shekara sittin, maki 6 ya yi duk yinin, ko haki ban ga yana yi ba. Amma tunda a gasar farko 121 na kwaso, ba na kuka.

A Zariya na koyi mashin, a kan Jincheng ɗin yayana, kuma da girman kan nan na zo Ingila, wai ni babu abin da za a nuna mini a kan taya biyu. Sai Allah ya ajiye ni a Yokshaya, inda wasan nan yake kamar gado. Daga inda nake zaune zuwa Silsden ba nisa, garin su Lampkin ke nan: Martin shi ne zakaran duniya na farko a 1975, ɗansa Dougie kuma ya riƙe kambun sau bakwai a jere daga 1997 zuwa 2003. A tsohon ramin fasa dutsen da muke atisaye za ka ga yaro ɗan shekara takwas ya tsaya cak a kan babur, ƙafa biyu a mataki, yana hira da ubansa. Ni ranar farko daƙiƙa uku ban yi ba.

Nawa tsohon 250 ne mai cin fetur gauraye da mai, na hannu na saya. Nauyinsa wajen kilo 70, tankinsa bai kai lita 3 ba, kujera kuwa babu ita sam, sai wani lotsawa a tsakiya don kada firam ya buge ka idan ka durƙusa. A tsaye ake komai.

Kuskurena na farko taya ne, kuma tarbiyyar gida ce ta jawo. Mu da muka saba a ce wa mai faci ya ƙara iska saboda za a ɗauki buhu, ina kawo babur gida na ga tayar baya laɓo-laɓo, sai na ɗirka mata iska har ta yi tauri kamar ganga. Da na je dutse, kowane ɗan tudu sai ta riƙa tsalle tana juyawa a banza. Dattijon nan ya danna ta da babban yatsa, bai ce komai ba, ya ciro ƙaramin geji daga aljihu ya sace iskar har ta dawo psi 4, ta gaba kuma 6. Na ce masa ai wannan faci ne. Ya ce in hau. Wallahi sai tayar ta riƙa naɗe dutse kamar tafin hannu. Robar tayar tirayal laushi gare ta, kuma sai da ƙarancin iska take shimfiɗuwa ta kama. Ku sayi geji na ƙaramin awo, domin na mota ba ya karanta bambancin 4 da 5 daidai, alhali bambancin nan a jiƙaƙƙen saiwar itace kamar dare da rana ne. Kuma a duba kowace safiyar hawa, musamman ta baya da ba ta da tiyub, tana iya sacewa a hankali.

Sai maganar mai. A tunanina yawan mai gata ne ga inji, don haka na riƙa zuba mililita 125 a galan mai lita 5, wato 40 da 1. Hayaƙi kamar ana ƙona bola, fulogi ya yi baƙi ƙirin yana danshi, salansa na ɗigar da baƙin mai a kan tayar baya. Injin nan yawancin rayuwarsa a silo yake yin ta, ba ya samun zafin da zai ƙone wannan uban mai. Mutanen kulob ɗinmu tsakanin 70 da 1 zuwa 80 da 1 suke haɗawa, da man inji na sintetik mai kyau, wato mililita 71 ko 63 a lita 5. Na koma 70. Na kwance salansa na cire tsohuwar audugar ciki da ta jiƙe sharkaf, na naɗa sabuwa, sai ga muryar babur ta dawo, ƙarfinsa na ƙasa-ƙasa ma ya dawo. Ku duba littafin naku kafin ku kwaikwaye ni. Fetur kuwa, tun da aka mayar da E10, mai ɗauke da sinadarin ethanol har kashi 10 cikin ɗari, na gama-gari a nan a Satumban 2021, ni E5 mai ƙarancin sinadarin nake saya, don sinadarin da ke cikin E10 yana jan ruwa idan ya daɗe a ajiye. In na gama hawa nakan rufe famfon mai, in bar injin ya shanye abin da ke cikin kafireta.

Kafireta ita ce ta cinye mini wata guda cur, kuma nan ne nake so mu daɗe.

Idan na murɗa totur daga silo, sai injin ya yi kamar zai shaƙe kafin ya amsa. A gaban matakin dutse wannan ɗan jinkirin ya isa ya sa ka ci 5. Na kwance ta, na fitar da silo jet, ɗan ƙarfen nan mai rami da ke ba inji fetur a silo, na ɗaga shi a hasken taga, ramin ya kusa toshewa da wani koren datti. Na wanke da feshi da iska, ban sa waya ba, domin waya na buɗa ramin ta lalata awonsa. Aka samu sauƙi. Daga nan ne shaiɗan ya shiga, na fara wasa da ɗan sukurun gefe. Abin da ban sani ba, sukurun nan iri biyu ne. A kafireta ƙirar Keihin PWK 28, wadda ke kan babura da yawa, na iska ne, yana ɓangaren da ke kallon matatar iska: ka warware shi iska ta ƙaru, ka ɗaure fetur ya rinjaya. A Dell'Orto PHBL kuwa yana ɓangaren inji, na fetur ne, aikinsa akasin haka. Ni bayanin wata na karanta, wata ce a kan babur ɗina. Mako biyu ina juya shi baibai ina mamakin yadda abin ke ƙara lalacewa. Rashin sani ya fi dare duhu.

Yadda na daidaita daga ƙarshe: na bar inji ya yi zafi har fanka ta tashi, na ɗaure sukurun a hankali har ya zauna ba tare da matsawa ba, na warware zagaye ɗaya da rabi, daga nan na riƙa motsa shi rubu'i-rubu'i ina saurare, ina murɗa totur farat ɗaya bayan kowane juyi. Inda ya amsa tsaf kuma ya sauko silo ba tare da ya rataye a sama ba, nan na tsaya. Na rubuta adadin da maka a bangon gareji. Ranar sanyi sosai yakan so a ɗan ƙara masa fetur, don iska mai sanyi ta fi kauri.

Kuloci bai ba ni wahala sosai ba. Da sanyin safiya yana jan babur gaba ko an matse liba, na canza man giya da ya koma kalar kunu, abin ya ragu. Gargaɗi ɗaya kawai: wasu baburan man ma'adini ake zuba wa famfon kulocinsu, birki kuma DOT 4, in ka haɗa su robobin ciki su kumbura. Abin da ya dace a rubuce yake a murfin, a karanta.

To duk na gama wannan, babur yana kiɗa kamar agogo, na koma dutse. Sashen da ke kayar da ni ya sake kayar da ni, a daidai wurin, a daidai salon.

A ranar ne wani abokin atisaye ya ce in gwada nasa na lantarki, Electric Motion ƙirar Faransa. Na daɗe ina yi wa irinsu kallon abin wasan yara, saboda ƙananan baburan lantarki na OSET da yaran kulob ke hawa. Na ɗaura igiyar kashe inji a wuyan hannu, ya sa mini shi a kore, wato mataki mafi laushi cikin ukun da yake da su. Babu kik, babu cok, babu jiran ya yi zafi. Abin da ya fara ba ni tsoro shirun ne. Ina jin tayar baya tana taunar tsakuwa, ina jin lokacin da ta fara sulɓewa tun kafin jikina ya sani. Na nufi sashen nan nawa, kwana mai tsauri zuwa hagu sannan mataki mai tsayin gwiwa. Na sa ƙafa a daidai inda na saba sawa.

Babu kafireta, babu fulogi, babu silo jet. Laifi tudu ne, na daɗe ina taka nawa ina hango na babur. Abokin nan ya ɗauke ni a waya, muka kalla tare. Idona a kan tayar gaba yake maimakon inda zan fita. Nauyina na kan matakin ciki, gwiwoyina sun matse firam kamar mai tsoron a ƙwace masa. Sannan hannun dama yana murɗawa yana saki, yana murɗawa yana saki. A kan na fetur, nauyin fulawil, faifan ƙarfen da ke juyawa da inji, yana ɓoye wannan rawar hannun, yana cike gurbin. Na lantarki duk abin da ka ce masa shi yake yi nan take, ya tona mini asiri.

Ba na ce ya fi ba. A gangara na rasa riƙon da injin fetur ke yi idan ka saki totur, sai na ji kamar an sake ni, dole birkin baya ya yi aikin duka. Kuma shirunsa tarko ne: yana kunne ba ka sani ba, ka kama totur kana tura shi, ya fizge ka. Mai shi ya ce dokarsa ta farko a gida ita ce a cire igiya kafin a sauka. Kulawarsa kuwa ba ta kai tawa ba, amma ba a ce babu ba. Sarƙa, birki, boris da taya duk suna nan. Ba ya kusantar da injin wanki mai ƙarfi wajen mahaɗar wayoyi, ba ya cajin batir a cikin tsananin sanyi, kuma in zai ajiye shi na makonni yakan bar cajin wajen rabi. Abin da na yi masa hassada a kai shi ne yana atisaye a bayan gidansa da yamma maƙwabta ba su sani ba. Ni in na buga kik a layinmu, labule ne zai fara motsi.

Da na dawo gida na ajiye sukundireba. Abu ɗaya kawai na ƙara canzawa, bututun totur. Na kamfanin Domino kala biyu ne, fari mai saurin buɗewa, baƙi mai jinkiri. Fari ne a kai, na sa baƙi. Sauran duk aikin jiki ne. Kullum bayan na taso aiki, minti goma a gareji inji a kashe, kan babur a karye har ƙarshe, birki biyu a riƙe, ina ƙoƙarin tsayuwa. Yanzu nakan kai daƙiƙa arba'in, ran da na yi sa'a minti ɗaya. Matata ta leƙo wata rana ta ga ƙato a tsaye kan mashin da ba ya tafiya, ta ce Allah ya sawwaƙe, ta rufe ƙofa.

Ranar Asabar kuma awa ɗaya ta farko ba na kusantar dutse. Duwatsu biyu nake ajiyewa a fili, in yi ta zagaya su kamar lamba 8, a giya ta ɗaya, yatsa ɗaya a kuloci, ɗaya a birkin gaba, totur a tsaye wuri guda, kuloci ne ke ba da tafiya. Babur ya kwanta ciki, ni in fita waje, nauyi a matakin waje, gwiwa a buɗe. Abin gundura ne, ba zan ɓoye muku ba, ga yara can suna hawa dutse suna kallona. Amma maki 47 ɗin da suka ragu tsakanin gasa ta farko da ta biyu, kusan duk a kwana suka ragu, ba a matakin dutse ba.

Wani abin da na koya a makare shi ne taka sashe da ƙafa kafin a shiga. Da nakan leƙa kawai in ga jar alama a dama, shuɗiya a hagu, in ce na gane. Yanzu nakan bi shi taku-taku, in taɓa dutsen da takalmi in ji ko yana motsi, in tsaya in kalli mutum uku sun wuce, in lura da inda tayarsu ta baya ta bi, domin ita ce ke yanke kwana ta hau abin da ta gaba ta kauce wa. A laka kuma na daina amfani da giya ta ɗaya, ta biyu ta fi riƙe ƙasa.

Sashe na 7 ne har yanzu ya gagare ni. Rafi ne, ka shiga ruwa, ka fito ta kan wata saiwa da ta gitta a karkace, laka a bayanta. Zagaye huɗu: 5, 5, 3, 5. Dattijon ya ce ina ba da wuta a makare, wai a gama murɗawa tun taya na kan tsakuwa, a saki kafin ta taɓa saiwar, a bar gudun ya haye da kai. Na gane da kai, hannu ne bai yarda ba tukuna. Bayan gasar kuma na ɗaga bayan babur na ji ɗan ƙwas-ƙwas a mahaɗar shakazoba, alamar ruwan rafin nan ya gama da boris. Na yi odar sababbi, ranar Alhamis za su iso. In na samu na sa su da giris kafin Asabar, akwai wata saiwa irinta a ƙasan ramin dutsen, can zan yini.