Takubba da Bindigogin Santanbul: Abin da Na Gani a Gidajen Tarihi Biyu

Duk lokacin da harkar kasuwanci ta kai ni wata ƙasa, nakan ware yini guda domin gidan tarihi, kuma sashen makamai nake fara nema. A Santanbul wurare biyu na ziyarta, wato Fadar Topkapi, wadda aka mayar gidan tarihi a 1924, da kuma gidan tarihin soja da ke unguwar Harbiye.

A Topkapi jama'a sun fi yin cincirindo a ɗakin da aka ajiye kayan da ake jingina wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da sahabbansa, kayan da aka fara kawowa birnin bayan Sarki Salim na ɗaya, sarkin Daular Usmaniyya ta Turkawa, ya ci Masar a 1517. Ana karatun Alƙur'ani a wurin dare da rana, ba a yarda a ɗauki hoto ba, kuma layi ba ya tsayawa, don haka wanda bai yi sammako ba, turereniya za ta wuce da shi kafin idonsa ya zauna a kan abu guda. Na lura cewa yawancin tsofaffin takubban Larabawa da ke ciki miƙaƙƙu ne masu kaifi biyu, sun fi kama da takobin da mahaya ke ratayawa a hawan salla fiye da lanƙwasassun da masu zane suka saba nuna mana. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne cewa ruwan takobin daban yake da ƙotarsa da kubensa ta fuskar shekaru, domin adon zinariya da duwatsu masu daraja sarakunan Usmaniyya ne suka sa aka ƙara daga baya saboda girmamawa. Tun daga nan na daina kallon takobi a matsayin aikin hannu ɗaya. Ko a ƙasar Hausa haka lamarin yake, inda ruwan takobi da yawa daga Solingen ta Jamus ya biyo ayarin Sahara, maƙeranmu suka yi masa ƙota, dukawa suka ɗinka masa kube.

A wani sashe na fadar akwai takobin Sarki Muhammad Alfatih, wanda ya ci birnin a 1453. Dogo ne mai ɗan lanƙwasa, an rubuta Bismillah da addu'a da sunansa da ruwan zinariya a tsawon ƙarfen, kuma wanda ya yi makarantar allo zai iya bin rubutun da idonsa ba tare da jiran bayanin ɗan rakiya ba. Kusa da shi akwai bindigogi masu lagwani da masu ƙanƙara, an yi wa katakonsu ado da hauren giwa. Na daɗe a gaban ɗaya daga cikinsu ina bin yadda ƙanƙarar ke bugun ƙarfe ta fitar da tartsatsi zuwa ɗan kaskon albarushi, dabarar da tsofaffin bindigogin maharbanmu suka yi aiki da ita.

Harbiye kuwa babu cunkoso, kuma a ganina ya fi amfani ga mai son fahimtar yadda aka yi yaƙi, saboda an jera sulke da kwalkwali da baka da igwa daki-daki. Nan ne na ga wani yanki na sarƙar da Rumawa suka datse mashigin ruwan birnin da ita a 1453, kowane zobe nata ya fi ƙarfin mutum ɗaya ya yi wasa da shi. Da rana makaɗan Mehter, masu kiɗan yaƙi na Usmaniyya, sukan yi wasa, saboda haka ya kamata mutum ya tambayi lokacin tun daga ƙofa.

Wanda zai je ya sani cewa ana rufe Topkapi ranar Talata, kuma haɗa wuraren biyu a yini ɗaya gajiya ce kawai. Ya kuma riƙa karanta ɗan allon da ke gefen kowane makami da kyau, domin masu kula da gidan sukan bambanta abin da aka tabbatar da shekarunsa da wanda aka jingina wa wani bisa riwaya, kuma wannan bambanci ne ya fi taimaka mini wajen sanin abin da ke gabana.