Ɗaukar hoton dabbobi da fim a lokacin hunturu

Shagona na hoto a Kano yake, kuma abin da ke ciyar da mu shi ne fasfo da biki da suna, dukkansu da kyamarar dijital. Amma da zarar Disamba ta kama, hunturu ya kankama, sai in bar wa yarana shago in tafi ƙauyenmu wajen Gumel, da tsohuwar kyamara Pentax K1000 da fim a jaka. Hutu nake zuwa yi, sai dai a can nake aikin da na fi ƙauna, wato hoton dabbobi.

Hazon da mutane ke kuka da shi, ni alheri ne a wurina. Yana tace rana, haske ya sauko a tausashe, har ka ga tozon sa da lanƙwasar ƙaho da gashin wuya ba tare da baƙar inuwa ta cinye rabin fuska ba. Daga fitowar rana zuwa hantsi, lokacin da ake sakin shanu a gonakin da aka girbe suna cin karan dawa, shi ne lokacina.

Farar saniya Bunaji ce ke wahalar da sabon hannu. Na'urar auna haske da ke cikin kyamara tana ɗaukar komai a matsayin ruwan toka, don haka idan ka bi ta kai tsaye saniya za ta fito kamar ta yi birgima a murhu. Dole ka ƙara buɗe wa haske ƙofa mataki ɗaya ko biyu. Jan Rahaji da jar akuyar Sakkwato ba su da wannan rigima. Ragon Uda kuwa, gaba duhu baya fari, shi ne gwajin gwani.

Fim ɗin da nake ɗauka Ilford HP5 ne, baƙi da fari, hoto 36 a naɗi guda, ga tsada. Shi ya sa ba na danna maɓalli sai na tabbata. Nakan fara gaida Arɗo, in nemi izinin mai garke, in tsuguna nesa kaɗan har shanu su daina kallona. Wanda ya saba harba hoto ɗari ya zaɓi ɗaya ba zai gane daɗin wannan jira ba, kuma ina ganin dabba ta fi nuna halinta ga mai haƙuri.

Ƙura ita ce abokiyar gaba. Ba na buɗe bayan kyamara a fili, sai a ɗaki, domin ƙwayar yashi ɗaya kan ja layi tun daga farkon fim har ƙarshe. Bushewar iska ma na sa tartsatsin lantarki ya bar tabo idan aka naɗe fim da gaggawa. Wankin fim ni nake yi da kaina in na dawo, maganin wankin a digiri 20 na ma'aunin Celsius, in shanya a banɗaki bayan na yayyafa ruwa ƙasa don ƙura ta kwanta.

Ciniki ya biyo baya ba tare da na nema ba. Masu kiwo suna son hoton bijimin da suka yi wa hidima kafin a kai shi kasuwar Maigatari ranar Alhamis, kuma a takarda suke so, wanda za a rataye a zaure. Masu otal da ofisoshi a Kano suna sayen manya a firam. Duk wanda na ɗauki garkensa, kwafinsa kyauta ne, ni nake kai masa har ruga a zuwa na gaba.